Akwatin da aka bari a ƙarƙashin gado: sharhi a kan Where Sleeping Girls Lie

Ba don kaina na sayi littafin nan ba. 'Yar yayana ce, mai shekara 15, da ke aji ɗaya na babbar sakandare a makarantar kwana, ta dame ni da shi tun hutun da ya wuce. Wai a TikTok suka gani. "Gwaggo, don Allah ki sa a kawo mini, kowa ya karanta sai ni." Na san wannan "kowa" ɗin, bai wuce mutum biyu ba. Na yi oda wurin wata mai sayar da littattafai ta Instagram, aka sako shi a mota daga Abuja, kuɗin littafi da na direba suka taru suka yi wa jakata illa. Da ya iso sai na ce bari in leƙa shafi goma kafin in miƙa, kamar yadda ake ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙo. Dare tara na yi ina ɗanɗanawa, kuma har yau ban miƙa mata ba.

Littafin ya fito a watan Maris na 2024. Marubuciyar, Faridah Àbíké-Íyímídé, asalinta Bayarabiya ce 'yar Najeriya, amma a Croydon da ke kudancin Landan ta tashi, ta yi jami'a a Aberdeen. Littafinta na farko, Ace of Spades, wanda ya fito a 2021, shi ya ɗaga sunanta, kuma tun tana ɗaliba ta rubuta shi. Taken wannan na biyun akwai wasa da harshe a ciki, domin kalmar ƙarshe a Turanci tana nufin kwanciya, tana kuma nufin ƙarya. In kin ga dama ki ce "inda 'yan mata masu barci ke kwance", in kin ga dama ki ce "inda suke ƙarya". Kafin ki kai ƙarshe duka biyun za su yi aiki.

Labarin Sade Hussein ne, wato Shade kamar yadda Yarbawa ke furtawa, yarinya mai shekara 16, Musulma, 'yar mai kuɗi, wadda ubanta ya killace ta a gida, malamai na zuwa suna koya mata, ba ta taɓa zama a aji da sa'o'inta ba. Uwa ta riga ta rasu. Da uban ya bi bayanta sai ta tattara ta nufi wata makarantar kwana ta 'ya'yan manya a Ingila, Alfred Nobel Academy. Makarantar ƙirƙirarriya ce, amma wanda aka sa mata sunansa na gaske ne, mutumin Suwidin nan da ya ƙirƙiro nakiyar dainamait, ya tara dukiya da ita, sannan ya bar wasiyya a riƙa ba da kyautar zaman lafiya da sunansa. Ban jin marubuciyar ta zaɓi sunan da ka. Gidajen kwanan ɗalibai duk sunayen masana ne, su Curie, su Hawking, ita kuma Sade aka kai ta gidan Turing. Na yi murmushi a nan, don mu ma haka aka raba mu, sai dai namu su Amina ne da Nana Asma'u da Daurama, kowane gida da launin rigarsa.

Ranar da ta iso aka haɗa ta da wata Elizabeth Wang, ita ce abokiyar ɗakinta, ita kuma za ta nuna mata gari. Suna komawa ɗaki suka tarar da mataccen ɓera a bakin ƙofa. Elizabeth ta kawar da shi kamar ba komai. Gari na wayewa babu Elizabeth.

Daga nan ne littafin ya kama ni, ba don ɓatan yarinyar ba, sai don yadda makarantar ta karɓi ɓatan. An ɗan yi hayaniya, 'yan sanda sun leƙo, sai hukumar makaranta ta sanar cewa an samu saƙo daga wata 'yar'uwar Elizabeth, wai tana wurinta lafiya lau, kowa ya koma aji. Mutum ɗaya ne ya ƙi haɗiye maganar, Baz, aminin Elizabeth, saboda ya san matar da aka ce ta aiko saƙon ta riga ta mutu. Shi da Sade suka shiga nema su kaɗai. Sauran ɗalibai kuwa kwana nawa ne sun koma hirar biki da wasan ninkaya da wa ke soyayya da wa.

Da na zo nan sai na kife littafin a cinya na daɗe ina kallon bango.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare, a wata makarantar 'yan mata ta kwana da ba zan ambaci sunanta ba, akwai yarinyar da ke kwana a saman gadona. Gadon ƙarfe ne mai hawa biyu, in ta juya sai na ji a haƙarƙarina. Yarinya ce mai surutu, mai son kwaɗon gari da ƙuli, kullum ƙasan filonta akwai ƙullin sukari. Bayan hutun rabin zango sai ta yi shiru. Sai fitsarin kwance, ita da ba ta taɓa yi ba, har yana ɗigo mini ta katifa. Sai ihu cikin dare. Wata rana aka tsince ta wajen ƙarfe uku a bakin famfo, ba takalmi, tana ta wanke hannu, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Mu mun shiga makaranta bayan zamanin Sumbuƙa, aljanar nan da aka yi ta maganarta a makarantun 'yan mata na Kano a tsakiyar shekarun 1990, amma labarinta bai mutu ba, siniyoyi na ba mu shi bayan an kashe fitila. Don haka ba wanda ya wahalar da kansa da tunani. Metiron ta ce iska ce. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka turara mata tazargade har muka yi ta tari, aka shafa mata man habbatussauda. Bayan mako biyu aka zo aka tafi da ita ana tsakiyar firef, ba mu ko yi sallama ba. Washegari a asambuli shugabar makaranta ta ce duk wadda ta kai ƙaramar magana gida ranar ziyara, ta ɓata sunan makaranta, to ta haɗa kayanta.

Akwatinta na ƙarfe, shuɗi mai zanen furanni, da sunanta da aka rubuta da farin fenti, ya zauna a ƙarƙashin gadonmu har ƙarshen zango. Kullum in na jawo bokitina sai na buge shi.

Sai bayan sama da shekara goma, a wajen wani biki, wata 'yar ajinmu ta faɗa mini abin da ita ta sani tun lokacin: akwai wani ma'aikaci namiji da ke kiran yarinyar ofis da yamma. Ban musa samuwar aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su, akwai sura guda da sunansu. Abin da ke ci mini rai shi ne, cikin manya sama da goma da suka taru a kanta, da mai tofi da mai riƙe ƙafa, babu wanda ya rufe ƙofa ya zauna ya ce mata, "'Yata, wani ya yi miki wani abu ne?"

Abin da littafin nan ya fi iyawa ke nan. Ya san yadda ciwon da ba a furta ba yake fitowa ta jiki. Sade na tafiya cikin barci. Numfashi na ƙwace mata ba gaira ba dalili. Tana ganin wata yarinya da ba kowa ke ganinta ba. Ta yarda har zuciyarta cewa ita mai farar ƙafa ce, duk wanda ta raɓa sai ya mutu ko ya ɓace, shi ya sa ɓatan Elizabeth a darenta na farko bai ba ta mamaki ba, ƙara tabbatar mata ya yi. Gwanar ninkaya ce, ruwa ne kaɗai wurin da kanta ke yin shiru, kuma ruwan nan shi ne abin da ya fi komai tsorata ta. Marubuciyar ba ta tsaya tana yi mana lacca a kan sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa ba. Ta bar mu muna kallon yarinya tana shiga kwamin wanka da dare ita kaɗai. Da a ɗakinmu Sade take, na rantse da tazargade za a tare ta.

Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake sakin layi biyu masu zuwa.

A hankali ake gano cewa akwai wani zaure na sirri a waya da wasu samarin makarantar suka buɗe, suna kiran kansu Masunta. 'Yan mata su ne kifin. Suna musayar hotunan tsiraicinsu, suna ba su maki, wasu har suna zuba musu ƙwaya a abin sha a wajen biki. Kuma ba 'yan iskan bayan aji ba ne da kowa ya sani. Su ne taurarin makaranta, kyaftin ɗin ninkaya Jude Ripley da abokansa, masu fara'a, masu buɗe wa mace ƙofa, 'ya'yan waɗanda ke ba makaranta gudummawa. Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, to a nan kifin ya daɗe yana gani, wurin da zai kai ƙara ne babu.

Sannan sai babban sirrin: Sade ba tsautsayi ne ya kawo ta makarantar ba. 'Yan biyu ne, tana da 'yar'uwa, Jamila, wadda ɗaya daga cikin samarin nan ya lalata wa rayuwa a wata makarantar, ta rasa mai tsaya mata, ƙarshe ruwa ya ci ta. Ita ce yarinyar da Sade ke gani. Daga baya an tsinci gawar wani ɗalibi, kuma ba zan faɗi wanda ya kashe shi ba ko da an tsallake. Abin lura dai shi ne yadda makarantar da ta share ɓatan yarinya marar gata cikin 'yan kwanaki ta tashi tsaye, ta girgiza, da abin ya taɓa ɗan gata.

Kada wani ya ce ai ƙagaggen labari ne, an yi masa gishiri. A 2018 an bankaɗo irin wannan zaure a Jami'ar Warwick ta Ingila, inda wasu ɗalibai maza ke hirar yi wa abokan karatunsu mata fyaɗe, suna kiran sunayensu. An dakatar da 11. Biyu daga ciki an kore su na shekara goma, suka ɗaukaka ƙara aka mayar da shi shekara ɗaya, sai da jama'a suka yi ca kafin aka ce ba za su dawo ba. A 2020 wata matashiya, Soma Sara, ta buɗe shafin Everyone's Invited inda 'yan mata ke rubuta abin da ya same su ba tare da sa suna ba, kuma a watan Maris na 2021 shaidu suka yi ta kwarara dubbai, da yawa suna ambaton makarantun kuɗi masu tsada da tsohon suna. Abin ya kai hukumar duba makarantu ta Ingila, Ofsted, ta shiga makarantu 32, ta zanta da yara sama da 900, ta fitar da rahoto a watan Yunin shekarar. Kusan tara cikin goma na 'yan matan sun ce turo wa yarinya hoton batsa da ba ta nema ba abu ne da ke faruwa da su ko da sa'o'insu. Da yawa kuma sun ce ba sa kai ƙara saboda abin ya zama ruwan dare, ba su ga amfanin faɗa ba. A cikin wannan ƙurar aka rubuta littafin, kuma ana jin ƙaurinta a shafukansa.

To amma fa littafin yana da nauyin ƙafa. Ya haura shafi 400, kuma kashi ɗaya cikin uku na farko, bayan ɓatan Elizabeth, tafiyar hawainiya ce. A ci abinci a dainin, a je biki, a dawo, a sake cin abinci. Akwai wasu 'yan mata uku da ke juya makarantar, April da Juliette da Persephone, waɗanda suka jawo Sade teburinsu, sai aka ɓata shafuka ana kwatanta gashinsu da tafiyarsu da yadda kowa ke buɗe baki in sun wuce. Akwai daren da na yi shafi arba'in babu abin da ya motsa, har na fara tunanin ko ita ma marubuciyar ta manta da Elizabeth kamar sauran 'yan makarantar. Wataƙila da gangan ne, don mai karatu ya ji yadda mantuwa ke shiga. In ma haka ne, an zarce. Edita mai ƙarfin hali zai iya zare shafi tamanin ba a ji ba.

Abu na biyu ya fi wannan ci mini tuwo a ƙwarya. Tun shafin farko muna tare da Sade, muna jin tsoronta, muna shiga mafarkinta, amma babban abin da ya kawo ta, wanda ya kamata a ce shi take kwana da shi take tashi, an ɓoye mana shi har can gaba. Wannan ba ɓoyon hali ba ne, ɓoyon marubuci ne. Kamar ƙawar da kuke kwana gado ɗaya tana ba ki labarin komai, ashe ranar aurenta ta kusa ba ta faɗa ba. Da asirin ya fito na ji daɗin yadda abubuwa suka haɗu, na kuma ji an yi mini wayo. Manyan cikin littafin su ma kusan duk hoto ne: shugaban makaranta mai kare suna, metiron mai ɗaure fuska. Metiron ɗinmu ta fi wannan wuyar fassara. Ita ce ta ce iska ce, ita ce kuma na gani da idona tana wanke zanin gadon yarinyar da hannunta da asuba don kada 'yan ɗaki su yi mata waƙar amalala. Irin wannan mutum mai fuska biyu, mai tausayi da rufa-rufa a zuciya ɗaya, shi na nema a littafin ban samu ba.

Wanda ya riƙe ni a wuraren da labarin ya yi sanyi shi ne Baz, da gashinsa mai ruwan hoda da ɓeran Masar ɗinsa mai suna Muffin da yake ɓoyewa a ɗaki. Yaron na da ban dariya ba tare da an mai da shi wawa ba, kuma kewar da yake yi wa Elizabeth ita ce abu mafi gaskiya a littafin. Ƙarshen ma ya burge ni ta wani gefe, don ba a yi mana irin na fim ba, inda za a tasa ƙeyar kowane mai laifi a rufe labule. Wasu sun sha, wasu an ɗan taɓa su, waɗanda suka tona kuma su ma sun biya. Na ji haushi, amma haushin da na sani ne.

Turancinsa mai sauƙi ne, ɗalibar babbar sakandare da ta saba karatu ba za ta nemi ƙamus ba sai jefi-jefi, inda aka sako salon maganar yaran Ingila. Bugun da na samu mai laushin bango ne, takardar ba ta da kauri, kuma kafin in gama gadon bayansa ya karye biyu saboda yawan kifewa. Rubutun bai yi ƙanana ba, na karanta rabinsa da fitilar waya.

Akwai abubuwan da ya wajaba in faɗa wa iyaye tun kafin su fitar da kuɗinsu. Akwai maganar fyaɗe, da sa ƙwaya a abin sha, da kashe kai, da shan giya a bukukuwan ɗalibai, duk da cewa ba a zayyana aikin ɓarnar filla-filla ba, an fi tsayawa a kan abin da ya biyo baya. Akwai kuma soyayya tsakanin Sade da Persephone, mace da mace, ba a ɓoye ta ba, tana cikin ginshiƙan labarin. Na san gidajenmu, na san da yawa wannan kaɗai ya isa su ajiye littafin, shi ya sa na faɗa a fili kada wani ya ce na rufe shi. Musuluncin Sade kuwa ɗan kaɗan ake gani, ba ta shan giya, tana kula da abin da take ci, amma wanda ya ga sunan Hussein ya zaci zai tarar da irin tarbiyyar gidansu, zai sha mamaki.

Da 'yar yayan nawa ta kira ta wayar metiron ɗinsu tana tambaya, sai na ce mata littafin ya iso amma sai ta dawo hutu, kuma tare za mu karanta, babi-babi, a ɗakina. Ta ce, "Kai Gwaggo, sai ka ce Islamiyya." Na ce eh, har da bita. Gaskiyar magana ba littafin nake so ta karanta ba kamar yadda nake son in ga fuskarta in mun zo wasu wurare, in ji ko za ta ce "irin wannan ma ai akwai a ɗakinmu". Ranar ziyara in na je, abin da nake tambaya bai wuce ko abinci na isarta, ko an sace mata sabulu, nawa ta ci a lissafi. Ita ma amsarta ba ta wuce "lafiya lau". Ni ma haka na riƙa ce wa mahaifiyata, ina zaune a kan tabarma ina cin dambun da ta kawo, akwatin nan shuɗi yana ƙarƙashin gadona.

In maki ake so, na ba shi uku da rabi cikin biyar. Rabin da na ƙara na Baz ne. Babba, musamman wadda ta yi makarantar kwana ko take da 'ya a can, ta nema ta karanta, ta yi haƙuri da shafi ɗari da hamsin na farko. Yarinya 'yar ƙasa da 16 kuwa ba zan miƙa mata ita kaɗai ta tafi da shi hostel ba.

Yanzu haka littafin yana wurin matar yayana, don na ce ita ma sai ta gani kafin 'yarta. Shekaranjiya ta kira ni da dare, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Wai ni Muffin ɗin nan ɓera ne na gaske suke kwana da shi a ɗaki? Don in ɓera ne ni na haƙura da littafin."